Yadda Ake Gina Mazubin Abinci da Mafaka Domin Tsuntsun Kardinal a Bayan Gida

Kardinal tsuntsu ne na nahiyar Amurka ta Arewa, ana samunsa tun daga kudu maso gabashin Kanada, ya ratsa gabashi da tsakiyar Amurka, har zuwa Meziko. Namijin ja ne wur, yana da tukku a ka da baƙin gashi kewaye da baki, macen kuwa ruwan ƙasa ce mai ratsin ja a fiffike da wutsiya da tukku. Jihohi 7 ne suka ɗauke shi a matsayin tsuntsun jiha, wato Illinois, Indiana, Kentucky, North Carolina, Ohio, Virginia da West Virginia. Ba ya ƙaura idan sanyi ya shigo, saboda haka wanda ya samu kardinal suka saba da bayan gidansa zai riƙa ganinsu rani da damina, har a cikin dusar ƙanƙara.

Abin da ya kamata mai farawa ya fahimta kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya shi ne, kardinal ba ya shiga ɗan akwatin nan mai rami da ake sayarwa a matsayin gidan tsuntsu. A buɗe yake sheƙarsa, cikin sarƙaƙiyar rassa, kuma a cikin duhuwar ganye yake kwana. Haka nan tsayinsa ya kai inci 8 zuwa 9, nauyinsa kimanin giram 45, kuma yana son ya fuskanci abinci kai tsaye yana fasa ƙwaya da kaurin bakinsa, don haka dogon mazubin nan mai ƴan ƙananan sanduna yana wahalar da shi. Duk awon da zan bayar a ƙasa daga jikin tsuntsun da ɗabi'arsa aka ɗauko shi: faffaɗan wurin tsayawa, rufin da ba ya tare masa gani, da wurin ɓuya a kusa.

Kayan aiki da kayan haɗi

Na kayan aiki, ana buƙatar zarto, tef ɗin awo, fensir, injin huda katako da ɗan siririn bakinsa, sukurudireba, almakashin yanka waya, sitefula ta aikin katako, sanfefa da shebur.

Na kayan haɗi kuwa, ga abin da za a saya:

Katako mai lamba 1x2, guda 2, kowanne ƙafa 8.
Katako mai lamba 1x8, ƙafa 4.
Katako mai lamba 1x10, ƙafa 4.
Ragar taga ta alminiyum, inci 16 da inci 12.
Sukuru na aikin waje wanda ba ya tsatsa, mai inci 1 da kwata, kwali ɗaya, da guda 4 masu kashi uku cikin huɗu na inci.
Fayif ɗin ƙarfe mai kaurin inci 1 da tsawon ƙafa 8, mai zare a kai ɗaya, tare da faifan ƙarfen da masu aikin famfo ke ɗaura shi a kai.
Fallen alminiyum mai faɗin inci 4 da tsawon inci 20.
Abin tare kurege, wato abin da ake zurawa a jikin sanda don hana shi hawa, ko bututun hayaƙi mai faɗin inci 8 da tsawon ƙafa 2.
Fentin waje mai ruwa, marar sheƙi, ja da ɗan baƙi.

A lura cewa lambar da ke jikin katako a shagunan Amurka ba ita ce ainihin awonsa ba. Abin da ake kira 1x2 kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, faɗinsa inci 1 da rabi. Na 1x8 faɗinsa inci 7 da kwata, na 1x10 kuma inci 9 da kwata. Awon da ke cikin wannan bayani ya riga ya yi la'akari da haka.

Katakon sida, wato cedar a Turance, shi ne zaɓina, domin yana jure ruwa shekaru ba tare da an shafa masa komai ba. Idan ya yi tsada, katakon fain, wato pine, da ba a jiƙa da magani ba zai yi aiki, sai dai ba zai daɗe kamar sida ba. Kada a yi amfani da katakon da aka dafa da maganin gara a wurin da abinci zai taɓa, musamman tsoffin katakan da aka cire daga dandamali ko shinge, domin har zuwa ƙarshen 2003 ana jiƙa irin wannan katako na aikin gida da sinadari mai gubar arsenik.

Mataki na 1: Zaɓen wuri

Wannan mataki ya fi duk sauran tasiri, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. Abubuwa uku ake aunawa lokaci guda: taga, wurin ɓuya, da kurege.

Game da taga, mazubin ya kasance ko dai kusa ƙwarai, ƙasa da ƙafa 3, ko kuma nesa, fiye da ƙafa 30. Dalili shi ne tsuntsun da ya firgita daga ƙafa 3 bai riga ya ɗauki gudun da zai kashe shi ba idan ya bugi gilashi, amma daga ƙafa 10 ko 15 ya riga ya ɗauka. Idan filin bai kai ba, sai a yi wa gilashin alama ta waje, da ɗigo-ɗigo ko layuka waɗanda tazararsu ba ta wuce inci 2 ba, ko a sa masa raga. Hoton shaho guda ɗaya da ake mannawa a tsakiyar taga ba ya hana komai.

Game da wurin ɓuya, a bar tazarar kimanin ƙafa 10 tsakanin mazubi da duhuwa mafi kusa. Kardinal yakan fara sauka a kan reshe ya duba gari kafin ya ƙaraso, kuma idan babu inda zai faɗa cikin tashi ɗaya, zai yi wuya ya saki jiki. Amma idan duhuwar ta matso fiye da haka, ta zama wurin kwanton kyanwa. Wannan tazara ce kuma ke maganin kurege, wanda ke iya tsallen ƙafa 7 ko fiye a kwance daga shinge ko kututture, ya kuma diro daga reshen da ke sama, don haka a ɗaga kai a duba abin da ke bisa wurin.

Wanda ke gidan haya, ko unguwar da ke da ƙungiyar masu gidaje, ya fara duba ƙa'idojinsu. A yankunan da dabbar beyar ke yawo, hukumomin namun daji na jiha sukan nemi a cire mazubi daga bazara zuwa ƙarshen kaka, kuma ya wajaba a bi.

Mataki na 2: Yankan katako

Daga 1x2 a yanka guda 2 masu inci 16, guda 2 masu inci 10 da rabi, da guda 6 masu inci 12. Daga cikin shidan nan, 4 ginshiƙai ne, 2 kuma maƙallan ƙasa. Daga 1x10 a yanka guda 2 masu inci 20, su ne fallayen rufi. Daga 1x8 a yanka guda 3 masu inci 12. Ɗaya daga cikinsu a tsaga shi a tsaye ya koma faɗin inci 4, shi ne zai ɗauki faifan ƙarfe.

Sauran biyun su ne goshin rufi. A kowanne, a auna inci 2 da rabi daga ƙasa a gefen dama da na hagu a yi alama, a auna inci 7 daga ƙasa a daidai tsakiya a yi alama, sannan a ja layi daga tsakiya zuwa kowane gefe a yanke. Za a samu tsini a sama, kowane gangare yana da inci 7 da rabi. Zai fi kyau a haɗa katakan biyu a yanke su tare, domin bambancin kwatan inci tsakaninsu ya isa ya sa rufi ya ƙi zama. A goge bakin kowane yanki da sanfefa.

Mataki na 3: Haɗa tire

A tsayar da katakan a kan kaifinsu, masu inci 10 da rabi a tsakanin masu inci 16, sai a samu firam mai inci 16 da inci 12, zurfinsa inci 1 da rabi. A huda ƙaramin rami kafin a ɗaura kowane sukuru, domin sida na saurin tsagewa a kusa da baki. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo daidai, firam ɗin bai karkace ba.

A kife firam ɗin, a shimfiɗa raga, a fara kama tsakiyar gefe ɗaya da sitefula, a ja ta sosai a kama gefen da ke fuskantarsa, sannan a bi sauran. Bayan haka a ɗora maƙallai biyu a kan ragar a kowane ƙarshe, katakon inci 4 kuma a tsakiya, a ɗaure su duka a jikin dogayen katakan.

Masu farawa da yawa sukan ga kamar ƙasan katako ya fi raga ƙarfi. Ya fi ta ƙarfi, amma yana riƙe ruwa, kuma jiƙaƙƙiyar ƙwaya ba ta kwana da yawa kafin ta yi fumfuna, fumfuna kuwa na kashe tsuntsu. Wanda bai samu raga ba ya yi amfani da falle, amma ya huda shi ramuka masu kwatan inci da yawa, ya kuma rage yawan abincin da yake zubawa. Ragar roba ba ta daɗewa, kurege na yaga ta.

Mataki na 4: Ginshiƙai da rufi

A tsayar da ginshiƙi ɗaya a cikin kowace kusurwa, faɗinsa ya jingina da gajeren katako, a ɗaure shi da sukuru biyu. A ɗora goshin rufi a bayan kowane ginshiƙai biyu ta waje, yadda kafaɗarsa za ta yi daidai da kan ginshiƙi. Hakan zai bar buɗaɗɗen wuri na inci 8 tsakanin bakin tire da ƙasan goshi. Kada a rage wannan tazara don neman kare abinci daga ruwa, domin kardinal ba ya son shiga ƙarƙashin rufin da ya danne masa tukku ko ya hana shi hango shaho.

A ɗora fallayen rufi biyu, su haɗu a tsini, su zarce inci 2 a kowane ƙarshe. Za a ga ɗan tsagi a inda suka haɗu. A lanƙwasa fallen alminiyum a tsakiya a rufe shi, a kuma lanƙwashe bakinsa ciki saboda kaifi. Idan babu alminiyum, yankin tsohon tiyub na keke yana yin wannan aiki.

A nan ne mai son ado zai iya kwaikwayon tsuntsun kansa: tsinin rufi ya tsaya a matsayin tukku, a shafa wa bayan rufi ja, a ja baƙin layi a ƙasan goshi kamar baƙin da ke fuskar namiji. Wannan adon na idon mai gida ne, abinci da aminci ne ke kawo tsuntsu. Sharaɗi biyu ne kawai: kada fenti ya shiga cikin tire ko bakinsa inda ƙafa ke kamawa, kuma kada a sa fenti mai sheƙi ko madubi a ko'ina, domin a lokacin bazara namijin kardinal na ɗaukar inuwarsa a matsayin kishiya, ya yi ta dukanta sa'o'i. A bar fenti ya bushe ƙamas kafin a zuba abinci.

Mataki na 5: Kafa sanda da tare kurege

Kafin a haƙa rami a Amurka, a kira lamba 811 kwanaki kaɗan kafin ranar aiki. Kyauta ne, za a zo a yi alamar inda bututun gas, ruwa da wayar wuta suka bi. A binne ƙafa 2 da rabi na fayif ɗin, ƙafa 5 da rabi su rage a sama, a cika ramin da tsakuwa ana dannawa kaɗan-kaɗan ana duba miƙewarsa daga ɓangarori biyu. Ba na ba da shawarar siminti a shekarar farko, domin sau da yawa sai an ga yadda tsuntsaye da kurege na unguwa ke zirga-zirga kafin a san wurin da ya fi dacewa.

A zura abin tare kurege kafin a ɗora mazubi, samansa ya kai aƙalla ƙafa 4 da rabi daga ƙasa. Wanda zai haɗa nasa da bututun hayaƙi ya toshe samansa da waya mai ƙarfi, ya rataye shi a kan maƙalli yadda zai riƙa lilo, domin lilon ne ke hana dabbar riƙo. Kada a shafa wa sanda giris ko man inji. Yana ɓata gashin tsuntsu ya hana shi riƙe ɗumi. Daga ƙarshe a ɗaure faifan ƙarfe a ƙarƙashin katakon tsakiya da gajerun sukuru huɗun nan, a murɗa mazubin a kan fayif.

Mataki na 6: Mafaka

Mafakar kardinal ba ginin katako ba ce, duhuwa ce, kuma ana samar da ita ta hanyar gaggawa da ta dogon lokaci.

Ta gaggawa ita ce tarin rassa. A shimfiɗa gungume 4 ko 5 masu kaurin inci 4 zuwa 6 a jere da tazara tsakaninsu, a gicciya wasu a kansu, sannan a riƙa jingina rassa tun daga manya zuwa ƙanana, gindinsu a ƙasa, kansu na haɗuwa a sama kamar yadda ake ɗaura jinka. Faɗin ƙafa 6 zuwa 8 da tsayin ƙafa 4 zuwa 5 ya wadatar. A ƙarshe a lulluɓe sama da ɓangaren da iskar sanyi ke bugowa, wanda a yawancin gabashin Amurka arewa maso yamma ne, da rassa masu ɗanyen ganye. A watan Janairu maƙwabta kan fitar da itatuwan Kirsimeti bakin titi, kuma idan an cire musu kayan ado babu abin da ya fi su dacewa da wannan aiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne danne tarin da cusa masa busasshen ganye da ciyawa. Ramukan da ke tsakanin rassa su ne mafakar, idan suka toshe ya zama juji. A nisanta shi daga jikin gida saboda gobara da ɓeraye, kuma a ƙara masa rassa duk shekara domin yana raguwa.

Ta dogon lokaci ita ce shuka, kuma ita ce za ta sa kardinal su yi sheƙa a gidan. Suna ɗaura sheƙa a tsakanin ƙafa 1 zuwa 15 daga ƙasa, a cikin rassa masu cunkoso. Itatuwan da ba sa zubar da ganye, irin su Juniperus virginiana da Ilex opaca, suna ba da wurin kwana da sanyi. Dangin Cornus da Viburnum, da inabin daji, suna ba da wurin sheƙa da ƴaƴan itace, kuma daga irin waɗannan ƴaƴa ne namiji ke samun sinadarin da ke rina gashinsa ja. Na rubuta sunayen na kimiyya ne domin su ke jikin takardar da ke rataye a tukunyar shuka. A shuka su rukuni-rukuni, 3 ko 5 kusa da juna, maimakon a warwatsa su. A guji Lonicera maackii duk da saurin girmanta, domin baƙuwa ce mai mamaye daji tana kashe tsirran ƙasar. Wanda filinsa ƙarami ne ya kafa ragar katako a jikin shinge ya hau da Lonicera sempervirens, wadda ƴar ƙasar ce.

Akwai masu kafa buɗaɗɗen allo a ƙarƙashin indararo da fatan kardinal zai yi sheƙa a kai. Ba kasafai yake karɓa ba, wasu tsuntsaye ne ke amfana da shi, saboda haka kada a dogara da shi.

Mataki na 7: Abinci da ruwa

Baƙar ƙwayar furen rana mai mai ita ce kan gaba. Ta biyu ita ce farar ƙwayar safulawa, wadda kardinal ke fasawa cikin sauƙi amma galibi kurege da baƙaƙen tsuntsayen nan masu zuwa garke-garke ba su damu da ita ba. Idan aka fara da furen rana, sai a riƙa ƙara safulawa a hankali har su saba. Ana iya ƙara ɓarzajjiyar gyaɗa marar gishiri.

A duba bayan buhu kafin a sayi gauraye mai araha. Jajayen ƙwayoyin da suka cika irin waɗannan buhuna jar dawa ce, kuma yawancin tsuntsayen gabashin Amurka watsar da ita suke yi ƙasa, ta ruɓe ta jawo ɓeraye. Gero da ɓarzajjiyar masara kardinal na ci, amma suna tara gwara da tsuntsun kaubad, wanda ke zuba ƙwansa a sheƙar kardinal ya bar masa reno. Burodi da ragowar abinci mai gishiri ba su da wuri a mazubi.

A zuba abin da zai ƙare cikin kwana 1 ko 2 kawai. Kardinal ne kan fara zuwa da asuba, shi ne kuma na ƙarshe da magariba, don haka a tabbata akwai abinci a waɗannan lokuta biyu. Wanda ke cika mazubi da hantsi ya bar shi ya ƙare da la'asar zai ciyar da kowa ban da tsuntsun da ya yi aikin dominsa. Idan mako 2 ko 3 suka wuce ba su zo ba, a watsa ɗan abinci a kan allo a ƙasa kusa da sandar, domin a ƙasa suka saba kiwo.

Ruwa a sa shi a faffaɗan kwano marar santsi, zurfinsa kada ya wuce inci 2, a sauya shi duk bayan kwana 2 saboda sauro. Da sanyi ana sa masa ɗan abin ɗumama ruwa na lantarki da aka yi don wannan aiki. Kada a zuba gishiri ko wani sinadari don hana daskarewa.

Mataki na 8: Tsafta da kulawa

Buɗaɗɗen tire yana da aibi guda, wato tsuntsaye na tsayawa a cikin abincin suna kashi, kuma ta nan cututtuka irin su salmonela ke yaɗuwa. Duk mako 2 a murɗo mazubin, a kankare shi, a wanke da ruwan bilic, kashi 1 na bilic cikin kashi 9 na ruwa, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe sarai. Da damina ko lokacin cunkoso a yi haka duk mako. A share ɓawon da ke taruwa a ƙasa, domin ban da ƙazanta, ɓawon furen rana na hana ciyawa tsiro. A sa safar hannu, a wanke hannu bayan an gama.

Idan aka ga tsuntsu ya kumbura gashi ya kasa tashi, ko idonsa ya kumbura, a sauke mazubi da kwanon ruwa na tsawon mako 2 don taron ya watse. Haka nan idan shaho ya mayar da wurin farauta, sauke mazubi na ƴan kwanaki kan sa ya canza hanya. Amma kardinal mai sanƙo da ake gani a ƙarshen lokacin zafi na Amurka, wanda duk gashin kansa ya zube, galibi sauyin gashi yake yi, kuma yakan tsiro cikin ƴan makonni. Mai kyanwa ya riƙe ta a cikin gida. Wanda ke son lissafinsa ya yi amfani zai iya shiga shirin FeederWatch na ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell, inda ake ƙidayar tsuntsayen mazubi daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Daga Maris zuwa Agusta lokacin sheƙa ne. Macen kan yi ƙwai 2 zuwa 5, ta kwanta a kansu kwana 11 zuwa 13, ƴaƴan kuma su bar sheƙa bayan kimanin kwana 10, kuma sau da yawa ana sake wani zagaye a sabuwar sheƙa. A wannan lokaci ƙwari ne abincin ƴaƴan, saboda haka a daina fesa maganin ƙwari a filin, a kuma ɗage aske itatuwa da motsa tarin rassa zuwa kaka. Dokar kare tsuntsaye ta Amurka ta 1918 ta haramta kama kardinal, ajiye shi a keji, ko taɓa sheƙar da ke da ƙwai ko ƴaƴa. Idan aka ga ɗan tsako mai gashi da baƙin baki yana tsalle a ƙasa, a bar shi inda yake, iyayensa na kusa suna ciyar da shi, sai dai a kawar da kyanwa da kare daga filin har ya iya tashi.